Zumar da Ta Tare a Bangon Ɗakin Iya

Ɗakin Iya shi ne na ƙarshe a gidanmu na Danwarai, daga shi sai danga, sai gonar gero. Soro ne na ƙasa mai kaurin bango, kakanmu ya gina shi tun ba a haifi babanmu ba. A ƙofarsa muke taruwa in an idar da sallar isha'i, ni da ƙanena Bello da 'ya'yan Baffa Umaru, ƙanen babanmu. Iya, wato kakarmu ta wajen uba, takan tara kara da 'yan itatuwa ta hura wuta, ta tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafafu tana murza su da man kaɗe. Ba ta buɗe baki sai dankalin ya fara ƙamshi. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba, ni kuma ban cika shekara goma ba.

Tatsuniyoyinta da yawa sun cakuɗe mini, kan wannan ya hau jikin waccan. Amma akwai ɗaya da ban manta ko gaɓa guda a cikinta ba, saboda irin daren da aka yi mana ita.

Tun bazarar shekarar ƙudan zuma suka tare a bangon ɗakin nata. Wata rana da hantsi muka ji ƙugi daga gabas kamar hadari na tasowa, sai ga su sun yi duhu a saman gidan. Suka dunƙule a jikin indararo, kafin la'asar sun shige wani rami da gara ta ci a can sama, dab da azara. Manya suka ce arziki ne, zuma ba ta tarewa a gidan tsiya. Aka bar su. Ni ce mai kwana da Iya a ɗakin, kuma in na kara kunne a bango sai in ji su can ciki, ƙugi mara yankewa. Bangon ma ɗumi yake yi a wurin, kamar jikin mai rai. Ban taɓa son abin ba, amma tunda ba su taɓa kowa ba, na yi shiru.

Haka muka ci damina da su, aka yi girbi, aka cika rumbuna. Sanyi ya fara shigowa, maza suka koma lambun albasa.

Ran da abin ya faru ina zaune a inuwar rumbu ina ɓarar gyaɗa. Bello, wanda bai wuce shekara huɗu ba, ya samo wani dogon kara, ya hau turmi, ya zura shi cikin ramin. Ban gan shi ba sai da na ji ihunsa. Na ɗaga kai na ga kansa ya yi baƙi, kamar an kifa masa tukunya. Inna, mahaifiyarmu, ta fito a guje ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi, ta sungume shi ta faɗa ɗaki, suna bin ta. Kowa ya watse. Akuyar Iya da ke ɗaure a turke ba ta sami mai kwance ta ba. Muna ɗaki muna jin kukanta, tana fizgar igiya, tana kuka, har kukan ya fara dushewa, har ya tsaya.

Fuskar Bello ta kumbura, idanunsa suka shige ciki, leɓɓansa suka yi suntum. Abin da ya fi tsorata ni shi ne numfashinsa. Wani siririn fito yake yi, kamar iska na bi ta tsagar ƙofa. Aka kira babanmu daga lambu, ya aro babur ɗin maƙwabcinmu, Inna ta hau baya da yaron a ƙirjinta, suka nufi asibiti a Jega. Daga nan ba mu sake jin komai ba. A wancan zamanin sai wanda ya tafi ya dawo kake sanin abin da ake ciki.

Baffa Umaru ya shigo da la'asar sakaliya. Ya tsaya a kan mushen akuyar ya daɗe. Mutum ne mai barkwanci, shi ke ɗora Bello a wuya yana zagaye gida da shi, amma ranar fuskarsa ba ta kallo. Na ji yana tambayar matarsa ko akwai kalanzir. Ta ce akwai, amma ya dubi rumbu, ya dubi danga, in wuta ta kama ba a san inda za ta tsaya ba. Sai ya ɗauki kwando ya fita. Ya yi ta jido jar ƙasa yana zubawa a tsakar gida, ya watsa mata yankakkiyar ciyawa, ya kwara ruwa, ya naɗe wando ya shiga yana takawa. Ya jingina tsani a gefe. Ko ni yarinya na gane nufinsa: in duhu ya yi, zuma ta gama shigewa, zai hau ya liƙe ramin, su mutu a ciki.

A raina cewa nake ya yi sauri.

Iya ba ta ce masa komai ba. Bayan isha'i ta ɗebo kara ta hura wutarta, sai dai ba a ƙofar ɗakinta ba. Can nesa da bangon ta hura, kusa da inda Baffa ke kwaɓa ƙasa.

Ta ce, "Kulu, ƙawata, kira min sauran. Ku taho ku zamna."

Na ce, "Iya, yau ma?"

"Yau ɗin dai. Kuka ba ya kawo labari daga Jega."

Muka zo muka zauna a takure, kowa na satar kallon bangon da ke bayanmu cikin duhu. Babu dankali a toka ranar. Iya ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta yi irin buɗewar da ita kaɗai na san tana yi.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri."

Muka amsa a sanyaye, "Ta shigo ta zamna."

Ta ce wai an yi wani manomi sunansa Tunau, mutum mai ƙwazo, ba ya zama. A bakin gonarsa akwai wata tsohuwar tsamiya mai kogo, zuma na ciki tun zamanin kakanninsa. Wata shekara ya ga inuwar tsamiyar na hana albasarsa yin kai, sai ya sa gatari ya kayar da ita. Zuma ta tashi ta rasa wurin zuwa, ta yi ta yawo a sama, daga ƙarshe ta shige bangon ɗakin Tunau. Ana nan, ɗaya ta harbi 'yarsa a ido. Tunau ya fusata, ya jira dare ya kwaɓa ƙasa, ya liƙe ramin, ya shafe shi sumul.

Da Iya ta zo nan ba ta dubi Baffa ba. Wuta take kallo. Amma duk mun ji takun ƙafafunsa cikin laka ya ragu.

Wai bangon ya yi ta ƙugi kwana da kwanaki. Da farko ƙugin fushi, daga baya ya koma kamar kukan jariri a nesa, daga baya ya yi tsit. Tunau ya ce ya huta. Ashe bai huta ba. Bangon ya fara tsattsafo da wata baƙar zuma mai wari. Tururuwa ta biyo zumar, ɓeraye suka biyo saƙar, macizai suka biyo ɓerayen. Da damina ta sauka bangon ya rufta. Tunau ya gina sabon ɗaki a wani gefen gidan, ya shiga. Daren farko, yana kwanciya, sai ya ji ƙugi a bango.

Iya ta rage murya, ta kwaikwayi Tunau yana tada matarsa.

"Yac ce, 'Ke, kin ji?' Tac ce, 'Mi?' Yac ce, 'Zuma.' Tac ce, 'Ni ban ji komi ba, malam, kwanta.'"

Da safe ya fasa sabon bangon, bai ga komai ba. Ya tafi kwana gidan abokinsa, bangon abokin ya yi ta ƙugi. Ya koma zauren masallaci, nan ma haka. Sai ya ɗauki tabarmarsa ya tafi tsakiyar fili, inda babu bango, babu itace, babu komai sai sama da ƙasa. Ya kwanta. Ƙugin na nan.

"Nan yag gane," in ji Iya, ta ɗora yatsa a gefen kanta, "ba bango suke ba. Nan ciki suke."

Ladi, 'yar Baffa, ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya shige ni. Daga inda muke zaune kuwa ana jin ƙugin zumar bangon Iya, ƙasa-ƙasa, ba su kwanta ba tun rana.

Wai Tunau ya toshe kunnuwa da auduga, ƙugin ya ƙaru. Ya daina barci, ya daina cin abinci, ya rame har yara na gudunsa. Wata rana yana zaune a bakin gulbi ya riƙe kai, sai ga wata tsohuwar Bafulatana da ƙwaryar nono za ta haye. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Kai na mai zuma cikin kai." Ya faɗi gabanta yana kuka, ya ce ta taimake shi. Ta ce, "Ai ka rushe musu gida. Sunka zo naka baƙunci, kak kuma rufe su da rai. Ina kaka so su tai in ba kanka ba? Tashi ka saƙa musu wani."

Tunau ya yanko ciyawa ya saƙa amya, irin doguwar kwandon nan da ake ratayewa a itace don zuma ta shiga. Ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗora a kan wata bishiyar ɗorawa. Ran da zuma ta shiga amyar, ya ji ƙugin kansa ya ɗan ragu. Ya saƙa wata. Ya yi ta saƙa har tafin hannunsa ya tsattsage, har ba itacen da ba amyarsa daga garinsu zuwa gulbi. Kowace aka shiga, sai kansa ya ƙara sauƙi.

Ladi ta ce, "Iya, ya warke?"

Iya ta tura kara cikin wuta.

"Saura guda. Guda ɗaya taƙ ƙi hita. Da rana ba ya jin ta, amma in ya aza kai ga matashi, tana nan can ciki tana zagaye. Da ita anka rufe shi." Ta kakkaɓe hannu. "Ta tashi ta koma inda tah hito. Wanda yaj ji tsoro shi matso kusa."

Duk muka matsa. Sai a lokacin na lura tsakar gidan ta yi tsit. Baffa na tsaye cikin laka har ƙwauri, hannuwansa a sake.

Ya ce, "Iya, tatsuniya dai ta."

"Tatsuniya ta, Umaru. Ni da yara nika yi."

"In yaron ga ya mutu hwa?"

Ba wanda ya furta kalmar nan tun rana, sai shi. Da Iya ta amsa, muryarta ta canja.

"In ya mutu, mai abu ya karɓi abinai. Ƙasag ga da kak kwaɓa ba ta maido shi. Ni ma ba ni son su ƙara kwana gidan ga. Akwai Mani can ƙauyen Kashin Zama, mai amya. Shi ka ɗauke su da rai. Ka bari gari shi waye."

Baffa ya dubi tsanin. Ya fito daga cikin lakar, ya ɗauki buta ya wanke ƙafafu, ya shige zaure. Tsanin ya kwana a jingine.

Ni da Iya muka kwana a ɗakin Inna. Na ja zane na rufe kai, amma ina jin ƙugi. Na toshe kunnuwa da yatsu, ina jin sa. Sai na tuna ni ma na so a liƙe su, na ce shi ke nan, sun shiga kaina. Na yi ta kuka a hankali don kada Iya ta ji. Ashe ta ji. Ta miƙo hannu ta cire mini yatsun, ta ce in mutum ya toshe kunne dole ya ji ƙugi, jininsa ne ke gudu, in yi addu'a in kwanta.

Da hantsi wani ɗan garinmu da ya kwana a Jega ya kawo labari. An yi wa Bello allura, numfashinsa ya daidaita, amma likita ya ce sai an ƙara ganin sa, kuma ya ja kunne kada zuma ta sake harbinsa, ko ɗaya ce. Matar Baffa ta fashe da kuka. Baffa ya ɗauki kekensa ya nufi Kashin Zama.

Sai da aka kwana biyu Mani ya samu zuwa. Duk kwanakin nan a sanɗa muke yawo a gidan, ba mai daka, ba mai tsawa wa yaro. Ya iso da la'asar, yana jan jaki da wata babbar amya a ɗaure a bayansa. Ɗan siririn dattijo ne, yana warin hayaƙi, kuma maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matsa kake ji. Ya sa aka gaya wa maƙwabta su janye dabbobi su rufe ƙofofi. Kafin ya taɓa komai ya ce a kai shi cikin ɗakin. Ina laɓe a bakin ƙofa na ga ya bi bango da tafin hannu, ya ɗaga wata tsohuwar tabarma da Iya ta rataye. A bayanta akwai tsaga, siririya, ta gangaro daga azara. Kawunan zuma na leƙowa ta cikinta.

Ya ce, "Da an liƙe waje, nan za su hito. Wa ka kwana nan ƙasa?"

Shimfiɗata ce a wurin. Baffa ya dube ni, ya dubi tsagar, ya fita ya zauna a kan turmi.

Mani ya tara mu ya yi mana gargaɗi. Ya ce in ya fasa bango gidan zai cika da su, amma hayaƙi zai sanyaya su. "Kada wanda yar ruga, kada wanda yay yi kuwwa. In ta sauka bisa gare ka, zama kututture. Mai gudu da mai kaɗa hannu suka bi." Aka tura mu ɗakin Inna, ni da Iya da matar Baffa da yaranta, aka saki asabari. Na samu wata 'yar kafa a jikin asabarin na liƙa ido.

Rana ta yi ja. Mani ya zuba busasshen kashin shanu a kasko ya sa masa garwashi, hayaƙi fari mai kauri ya tashi. Baffa ya naɗe kansa da rawani, ya hau tsani da kaskon yana kara shi a bakin ramin. Mani ya hau wani tsanin, ba riga, ya fara ɓanɓarar bangon da 'yar ƙaramar fartanya, kaɗan-kaɗan. Da ɓangaren farko ya faɗo, ƙugin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. A haƙorana na ji shi. Tsakar gidan ta yi duhu. Ga saƙa nan jere a cikin bangon, faifai bayan faifai, wasu fari wasu baƙi, duk suna motsi. Mani ya riƙa yanko su da wuƙa, masu 'ya'ya a ciki yana jera su cikin amya, masu zuma yana sawa a ƙwarya. Hannuwansa sun rufe da ƙudan zuma har gwiwar hannu, amma yana motsi kamar mai ɗaukar jariri.

Ana cikin haka na ji sallama daga zaure.

Muryar babanmu ce. Bayanta kuma wata 'yar siririyar murya tana cewa a sauke ta, ta iya tafiya. An sallame su, sun samu motar 'yan kasuwa, ba wanda ya gaya musu abin da ake yi a gidan. Baffa na kan tsani da wuta a hannu. Mani ba shi da halin sakin abin da ya riƙe. Kuma an ce kada wanda ya yi ihu.

Matar Baffa ta dafe ƙirji tana salati. Kafin in waiga, Iya ta ɗaga asabari ta fita.

Ba ta yi gudu ba. Ta riƙa ɗaga ƙafa tana ajiyewa, hannuwanta a manne da jiki, ta ratsa tsakiyar duhun nan. Na ga suna sauka a kanta, a kallabinta, a kafaɗunta, a wuyanta. Ɗaya ta hau fatar idonta, ba ta ƙifta ba. Na cusa zane a baki don kada in yi ihu. Tana isa tsakiyar gida, babanmu ya ɓullo daga zaure, Inna na bayansa, Bello na gabansu da 'yar fuskarsa da ba ta gama sacewa ba. Ya hango ta, ya washe baki ya ce, "Iya!" Ya ɗaga ƙafa zai rugo.

Iya ta tsaya cak. Ba ta da halin matsawa kusa da shi da abin da ke jikinta. Babanmu kuwa ya daskare, idonsa a sama, bai gane abin da yake gani ba.

Babanmu shi ne ɗan farinta, kuma saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Babanku" take cewa, ko "wancan", ko ta yi magana tana kallon wani wuri. Ranar ta dube shi ido cikin ido, ta ce a hankali, ba tare da ta buɗe baki sosai ba:

"Abubakar. Ɗauki ɗanka ka koma."

Kamar an mare shi. Ya sunkuya ya fizgo Bello, ya tura shi cikin rigarsa, ya ja da baya, ya tura Inna, suka ɓace cikin zaure. Na ji ƙarar ƙofar waje.

Iya ta ci gaba da tsayuwa a wurin. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ga kamar ba za a gama ba. Aka kira magariba tana tsaye. Can Mani ya yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya ɗago wani ɓangaren saƙa, ya lallaɓa shi cikin amya. Ya samu uwar zumar ke nan. Ba a daɗe ba sauran suka fara bin ta, suna kwarara cikin amyar kamar ana zuba gero a buhu. Ya sauko ya karɓi kaskon hannun Baffa, ya zagaya Iya da hayaƙi, yana share su daga jikinta da reshen ganye. Da ya gama ya ce, "To, Iya, zamna." Ba ta zauna ba, zubewa ta yi.

Sun harbe ta a wuya da bayan kunne da hannu. Mani ya kankare ƙarin da suka bari a fatarta da bakin wuƙa, aka yanko albasa aka goga mata. Da duhu ya yi ya rufe bakin amyar da faifai, ya naɗe ta da tsumma, shi da Baffa suka ɗora wa jaki. Can cikin fadama ta hanyar Maiyama suka kai ta, suka ɗaure a kan wata tsamiya, nesa da gidaje da turakun dabbobi. Washegari ya dawo ya kankare sauran kakin, ya turara ramin, sannan ya ce wa Baffa yanzu ya kawo ƙasarsa ya liƙe. Ya bar mana rabin zumar. Bello ya ƙi ko kallonta. Ni na lasa sau ɗaya, hayaƙi kawai na ji.

Babanmu bai taɓa tada maganar sunan ba a gaban Iya. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa da suka fita waje ya ce mata shi da ya ji sunansa a bakin tsohuwa, ya ɗauka mutuwa aka yi a gidan.

Shekaru suka wuce, aka yi mini aure a Maiyama. A can na riƙa tambayar tsofaffin mata ko sun san tatsuniyar Tunau mai zuma cikin kai. Ba wadda ta taɓa jin ta. Na tuna Iya ma ba ta sake yi mana ita ba. Da na je wankan haihuwar fari na same ta ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Ina matsa mata ƙafa na tambaye ta inda ta samo ta.

Ta yi dariya har da tari. "Nan bakin wuta. Ina hwaɗi ina ƙaga ta, kunnena na ga ƙahwahun Umaru."

Na ce to me ya hana ta ce masa ya bari kawai, ai ɗanta ne.

Ta ce, "Mutum mai tsoro da hushi, in kac ce mai bari, ƙarhi kaƙ ƙara mai. Sai dai ka ba shi abin da za shi tsaya saurare, har jinin shi kwanta."

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a kashe zuma. Sai da na girma na ga yadda ake ɓata zumunci, da yadda manomi da makiyayi ke kwana lafiya su tashi da gawa a tsakaninsu, sannan na gane ba zuma take nufi ba. Yawancin ɓarnar da na gani da idona ba mugaye suka yi ta ba. Mutanen kirki ne irin Baffa, waɗanda aka taɓa musu abin da suke so, suka tsorata, suka yanke hukunci a yammacin ranar, ba su samu mai riƙe su zuwa safiya ba.

Kafin in tashi daga gabanta ranar na yi mata tambayar da ta daɗe a raina. Na ce, "Iya, da kika ratsa tsakar gidan nan, ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Tsoro? Ƙawata, hitsari kaɗai na bai zubo min ba. Amma in tsohuwa ta ruga, wa za shi tsaya?"

Yau ni ce tsohuwar gidanmu. Duk ran da abin tsoro ya shigo, idon yara a kaina yake, gwiwoyina kuma rawa suke kamar na kowa. Ban samu maganin rawar ba har yanzu. Abin da na iya kawai shi ne in tashi, in taka a hankali.